TURANCIN KOTU: AN SAKE SHI, AMMA WANE IRIN SAKI?

Yau za mu ɗauki kalmomin Turanci na fita da saki, saboda abin da ya sami wani dattijo mai sayar da goro a nan unguwarmu.

Yaronsa aka kama. Ya tafi caji ofis ya tsaya masa, ya dangwala yatsa a takarda, aka ce an saki yaro. Shi kuwa da jin an ce saki sai ya zaci magana ta mutu, har ya ba yaron kuɗin mota ya tafi Bawku ganin gida. Ranar shari'a aka nemi yaro aka rasa. Yanzu dattijon nan ake bi kuɗin da aka rubuta cikin takardar.

Asalin rikicin shi ne, mu kalma guda muke da ita. Saki muke cewa ga fursuna, saki ga mace, saki ga akuya. Su kuwa Turawa sun rarraba abin, kowace kalma da hukuncinta.

"Release" ita ce uwarsu, watau an buɗe ƙofa ka fita, shi ke nan. Ba ta ce kana da laifi ba, ba ta ce ba ka da shi ba. Ita ce kuma 'yan kwastan ke faɗi in sun sakar wa ɗan kasuwa kayansa a Tema.

"Bail" kuwa, wadda bakinmu ya mai da beli, lamuni ne, irin wanda muke karantawa cikin littattafan fiƙihu da sunan kafala. An ba ka aron mutum ne, ka komo da shi ran da aka ce. Mai tsayawar sunansa "surety". In wanda aka tsaya wa ya ƙi zuwa, sai su ce ya yi "jump bail", wai ya tsallake beli, amma ba shi ke karya ƙafa ba, mai lamuni ne. Tsarin mulkin Ghana na 1992 ya ce wanda aka kama, in ba a sake shi ba, a kai shi gaban kotu cikin sa'a 48. Kotun Ƙoli kuma a 2016 ta rushe dokar da ta ware waɗansu laifuffuka ta ce ba su da beli, ta bar abin ga alƙali. Saboda haka neman beli ba roƙon alfarma ba ne. Amma fa ba wankewa ba ne.

To, ga inda har masu boko ke tuntuɓe. "Discharge" sallama ce, kamar yadda likita ke sallamar majinyaci. Alƙali yakan sallami mutum don masu ƙara sun ƙi zuwa, ko sun janye, ba don an gane gaskiyarsa ba. Irin wannan ana iya sake kama shi kan maganar nan. "Acquit" ita ce wankewa: an ji shari'a, ba a same shi da laifi ba, ba a kuwa sāke gurfanar da shi kan laifin nan. Don haka in lauya ya fito yana murmushi, ku tambaye shi ko "acquitted and discharged" aka ce, ko sallama kaɗai.

"Escape" ba mai ba ka ita, kai ke ɗaukar ta da ƙafarka. Gudu daga hannun hukuma laifi ne mai zaman kansa a dokar laifuffuka ta 1960, ko da abin da aka kama ka a kai ƙarya ne.

Akwai "deport", kora daga ƙasa, amma wannan ba sai mun fassara wa dattawan da suka ga an fitar da Alhaji Amadu Baba daga Kumasi a 1957, suka kuma ga korar baƙi ta 1969 ba.

Wanda aka ba takardar beli, kafin ya dangwala yatsa ya kawo ta makaranta bayan La'asar. Za mu karanta masa, mu rubuta masa ranar shari'a da adadin kuɗin da ajami.