Gmail ɗin da ke wayarka, wa ya buɗe maka shi?

Idan waya ta ɓace ko aka ƙwace ta, kuɗinta ne ke fara ƙona wa mutum rai. Sai bayan kwana biyu ainihin asarar ke bayyana: hotunan biki, lambobin abokan ciniki, takardun makaranta, saƙon muryar wani da ya riga mu gidan gaskiya. Shi ya sa ake ta ba da shawarar a ajiye komai a ma'ajiyar gajimare, wato kilawud. Shawara ce mai kyau, amma rabinta kawai ake faɗa wa mutane.

Da farko dai, babu wani gajimare a maganar. Kwamfutoci ne dubbai jibge a manyan gine-ginen kamfanoni irin su Google da Apple da Microsoft, suna aiki dare da rana. Idan ka ɗauki hoto, manhajar Google Photos takan tura kwafinsa can ta intanet, su kuma su sake kwafarsa a na'ura fiye da ɗaya, yadda ko wata ta lalace hoton yana nan. Hanyar da bayanan ke bi ma ta ƙasa ce da ƙarƙashin teku. Wanda ya ga yadda intanet ta koma tafiyar hawainiya a Najeriya da Ghana a watan Maris na 2024, lokacin da wayoyin ƙarƙashin teku suka katse, ya san ba a sama kayan suke ba.

To, waɗannan kwamfutoci ba su san fuskarka ba, ba su san sunan babanka ba. Adireshin imel da kalmar sirri kaɗai suka sani. A nan gizo ke saƙar. Da yawanmu idan muka sayi waya, mai shago muke miƙa wa mu ce ya buɗe mana Play Store. Shi zai ƙirƙiri Gmail ɗin, ya zaɓi kalmar sirri, wani lokacin ma lambarsa zai saka saboda sauri. Wayar za ta yi shekaru tana aiki ba ta nemi kalmar ba, hotuna na ta tafiya can. Ran da ta ɓace, sabuwar waya za ta tambaya, kai kuma ba ka da amsa. Kayanka na nan a ajiye lafiya lau, a ɗakin da ba ka da makullinsa.

Ko da lambarka aka saka, wace lambar? Idan tsohon layi ne da ka jefar, kamfanonin sadarwa sukan sake sayar da layin da ya daɗe ba a amfani da shi. Saƙon dawo da asusunka zai iya faɗawa wayar wani da ba ka taɓa gani ba. Don haka yau, tun wayar na hannunka, shiga saitin asusun Google, ka canja kalmar sirri, ka tabbatar lambar da ke ciki taka ce, ka ƙara imel na biyu. Rubuta kalmar a takarda ka ɓoye a gida ba ƙauyanci ba ne.

Sai batun wuri. Google na ba da 15GB kyauta, Apple kuma 5GB a iCloud. Wannan 15GB ɗin Gmail da Drive da Photos ne ke rabawa. Tun 1 ga Yuni 2021 sababbin hotuna ke cin wurin, kuma daga 2024 ajiyar WhatsApp ta wayoyin Android ta shigo lissafi. Idan ya cika, ajiya za ta tsaya, imel ma ya daina shigowa. Mafi yawan abin da ke cika shi bidiyoyin guruf ne da ba wanda zai sake kallo. Cire bidiyo daga ajiyar WhatsApp ya fi biyan kuɗin ƙarin wuri sauƙi. A kuma kula: hoton da ka goge a cikin Google Photos, a can ma ya gogu.

Wasu za su ce memori ya wadatar, ba ya cin data, kuma ba wanda ke leƙa maka kaya. Maganar data gaskiya ce, shi ya sa akwai zaɓin a jira Wi-Fi. Amma memorin a cikin wayar yake, tare za a tafi da su. Maganar sirri kuwa, tun 2021 WhatsApp ta ba da damar kulle ajiyarka da kalmar sirri ta musamman, yadda ko Google ba za ta iya karantawa ba. Sharaɗinta ɗaya ne: idan ka manta kalmar kuma wayar ta tafi, ita kanta WhatsApp ba za ta iya buɗe maka ba.