Hirar fada ta koma cikin waya

Duk wanda ya ratsa unguwannin Yamai da dare, daga Bukoki zuwa Yantala, daga Talaje zuwa Harobanda, zai tarar da samari zaune bisa benci da tabarmi, butar shayi tana kan gawayi, kowa da wayarsa a hannu. Tun shekarun 1990 da fada ta yaɗu cikin biranen Nijar, nan ne matasa suke baje labaran duniya, su auna su, su yanke musu hukunci. Abin da ya sake a yanzu shi ne hirar ba ta ƙarewa da tashin fada. Tana ci gaba cikin rukunonin WhatsApp da shafukan Facebook, ta kwana tana yawo, kafin gari ya waye ta kai Maraɗi da Damagaram da Agadas, har ga ƴan ci-rani da ke Abijan da Legas da Tiripoli. Ana hirar farashin shinkafa da hirar siyasa, ana kuma hirar sababbin na'urori: wace waya ce ta fito, me ya sa rezo ya ɗauke, da gaske ne kwamfuta tana iya kwaikwayon muryar mutum?

Wannan hira ba abin rainawa ba ce. Mutanen da suke samun labari ta hanyarta sun fi masu karanta jarida yawa nesa ba kusa ba. Dalili kuwa a fili yake: saƙon murya bai tambayi mutum ko ya yi makaranta ba. Tsohuwa a ƙauye da mai tura baro a kasuwar Katako duk suna iya danna waya su saurara, su kuma tura wa wani. Saboda haka ya wajaba hukuma da masu ilimi su dubi wannan al'amari da idon basira, domin abin da ake faɗi cikin raha a bakin titi yana iya taɓa lafiyar jama'a da dukiyarsu da zaman lafiyarsu.

Nijar ba baƙuwa ba ce ga haɗa na'ura da hira. Gidan rediyon ƙasa ya fara aiki a 1958, kuma a 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo. Tsarin mai sauƙi ne. Mutanen gari sukan taru su saurari shiri cikin harshensu, a kan noma ko kiwon lafiya ko haraji, sa'an nan mai jagorar zaman, wanda galibi malamin makaranta ne, ya buɗe muhawara, ya ɗauki muryoyinsu da rakoda, a aika Yamai a sa su cikin shiri na gaba. A 1963 aka kafa ma'aikatar yaƙi da jahilci, a 1964 kuma aka fara gwajin koyar da yara ta talabijin. Cikin dukan waɗannan ayyuka akwai abu guda da ba a taɓa mantawa da shi ba, wato mutumin da ke tsaye tsakanin na'ura da jama'a, wanda zai ce ga ma'anar abin da aka ji, ga kuma inda aka yi kuskuren fahimta.

Wayar salula ta zo ba tare da wannan mutum ba. Kamfanin Celtel ya fara aiki a 2001, ya koma Zain a 2008, ya koma Airtel a 2010. Orange ya shigo a 2008, daga baya ya zama Zamani Telecom. A 2016 aka haɗa Sonitel da SahelCom aka sami Niger Telecom, ga kuma Moov. Cikin shekara 20 waya ta shiga inda hanyar kwalta da wutar lantarki ba su kai ba. Amfaninta kuwa ba ya ƙidayuwa: makiyayi yana jin farashin bisashe kafin ya kora su kasuwa, ɗan ci-rani yana aika wa uwarsa kuɗi cikin yini guda, ɗalibi yana samun darasin da babu shi a ajinsu. Sai dai labari na gaskiya da na ƙarya ƙofa ɗaya suke shigowa, kuma kamanninsu ɗaya a fuskar waya.

Misalai sun isa a yi wa'azi da su. A watan Agusta na 2014, lokacin da cutar Ebola ta shiga Nijeriya, wani saƙo ya bi wayoyi cikin dare yana cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha, wai shi ne rigakafi. Dubban mutane suka bi, aka kwantar da wasu a asibiti, aƙalla mutum 2 suka rasa rayukansu. Waɗanda suka tura saƙon ba mugunta ta sa su ba, ƙaunar dangi ce ta sa su. A ƙasar Indiya, cikin 2017 da 2018, jita-jitar masu satar yara da aka yaɗa ta WhatsApp ta sa aka kashe baƙin da ba su ji ba ba su gani ba, har kamfanin ya rage yawan wuraren da ake iya tura saƙo guda zuwa 5, ya kuma shimfiɗa wannan ƙa'ida ga duniya duka a watan Janairu na 2019. A Ingila ma, inda kusan kowa ya iya karatu, an ƙone turakun waya a watan Afrilu na 2020 saboda an ce su ne ke yaɗa cutar korona. Wannan ya nuna cewa iya karatu kaɗai bai isa kariya ba, sai an haɗa da sanin yadda abu yake aiki da kuma ɗabi'ar tambaya.

Sanin yadda abu yake aiki shi ne abin da ya fi ƙaranci cikin hirar na'urori. Idan rezo ya ɗauke, nan da nan sai a ce wane ne ya toshe shi, ko wata ƙasa ce ta yi makirci. Wani lokaci hannun mutum ne, wani lokaci kuwa ba shi ba ne. Saƙon da ya fita daga waya yana zuwa ga eriya mafi kusa, daga nan ya bi igiyar zaren gilashi da aka binne cikin ƙasa, mai ɗaukar magana ta hanyar haske. Da yake Nijar ba ta da gaɓar teku, dole igiyar ta ratsa ƙasashen maƙwabta kafin ta haɗu da manyan igiyoyin da ke kwance ƙarƙashin teku. Ranar 14 ga Maris 2024 igiyoyi 4 daga cikinsu suka lalace a kusa da gaɓar Kodebuwa, intanet ya yi rauni a ƙasashe da yawa na Afirka ta Yamma, aka ɗauki makonni ana gyara. Haka kuma eriya tana bukatar wuta. Idan wuta ta ɗauke, kamar yadda ta faru a watan Agusta na 2023 da Nijeriya ta yanke layin lantarkin da ke ba Yamai, sai a dogara ga janareto da batir. Wanda ya san wannan ba zai gaskata kowane zargi ba, ba kuma zai ƙaryata kowane ba. Zai tambaya tukuna.

Haka zancen Starlink, wanda ya fara aiki a Nijar a watan Maris na 2025. An yi ta faɗin abubuwa iri-iri a kansa, alhali bayaninsa gajere ne. Taurarin ɗan Adam ɗinsa suna shawagi a nisan kilomita wajen 550 daga ƙasa, su kuwa tsofaffin taurarin sadarwa suna nisan kilomita wajen 36,000, shi ya sa saƙo ya fi saurin zuwa da dawowa. Ga ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita 1,267,000, wadda ba a iya binne igiya zuwa kowane zango, wannan hanya tana da amfani ga makaranta da gidan likita na karkara. Amma akwai tambayoyin da suka cancanci a yi hira a kansu: nawa ne kuɗinsa a wata, wa zai biya, kuma a hannun wa bayanan jama'a suke zama? Irin wannan muhawara ce ke ƙara wa fada daraja.

Wani sabon abu kuma shi ne ƙirƙirarriyar basira. Tun da ChatGPT ya fito a watan Nuwamba na 2022, na'urori masu rubutu da zane da kwaikwayon murya suka yawaita, suka kuma yi araha. A da Bahaushe yakan ce gani ya kori ji. Yau ana iya haɗa hoton abin da bai faru ba, a sa wa babban mutum maganar da bai faɗa ba, ko a ɗauko hoton tashin hankalin wata ƙasa na shekarun baya a ce jiya ne a Tilaberi. Macuta ma sun sami hanya: su kira mutum su ce ya ci kyauta, ko an tura masa kuɗi bisa kuskure, su nemi ya karanto musu lambar sirrin da ta shigo wayarsa. Duk wanda ya karanta ta ya miƙa mabuɗin ɗakinsa da hannunsa.

Gwamnatocin da suka biyo juna sun nemi magani ta hanyar doka. Ranar 3 ga Yuli 2019 aka sa hannu kan dokar hukunta laifuffukan intanet. A 2022 aka cire hukuncin ɗauri kan ɓata suna da zagi, a watan Yuni na 2024 aka mayar da shi: ɗaurin shekara 1 zuwa 3 ga ɓata suna ko zagi, da shekara 2 zuwa 5 ga yaɗa abin da zai iya ta da hankalin jama'a, ban da tara ta miliyoyin sefa. Ya kamata kowane mai waya ya san haka, domin saƙon da aka tura cikin wasa yana iya kai mutum gidan kaso, kuma cewa "ni ma turo mini aka yi" ba ta wanke kowa. Magana zarar bunu ce.

Duk da haka, doka tana hukunta wanda ya yi laifi ne, ba ta koya wa mutum bambance gaskiya da ƙarya. Rufe hanya ma bai kashe jita-jita ba. A watan Fabrairu na 2021, bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, an yanke intanet na wayoyi har kwana 10. Ƴan kasuwa da ɗalibai da masu ƙananan sana'o'i suka ji jiki, labarai kuwa suka koma bin baki da kunne kamar dā, inda babu mai iya bin sawunsu. Jita-jita tana tsirowa ne a filin da aka bari babu shuka. Idan abu ya faru da safe, hukuma ba ta yi magana ba sai bayan kwana biyu, kuma da ta yi sai da Faransanci cikin takarda mai hatimi, to, wani ya riga ya cika kunnuwan mutane da muryarsa cikin harshen da suke ji.

A nan nauyin ma'aikata yake. Kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Wannan mataki zai yi amfani idan ya sauko daga takarda ya shiga aikin yau da kullum. Kowace ma'aikata da ta fitar da sanarwa, ya kamata a ranar ta fitar da ita da murya, gajeriya, da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek da Barbarci da sauran harsunan ƙasa, da sunan ofishin da kwanan wata a farkonta, yadda za ta bi hanyar da ƙarya take bi. Hukumar ARCEP mai kula da sadarwa da kamfanonin waya su riƙa faɗa wa jama'a dalili duk lokacin da rezo ya lalace, da ranar da ake sa ran gyara. Gidajen rediyon karkara kuma su keɓe lokaci kowane mako don amsa tambayoyin da ke yawo cikin wayoyi. Ma'aikacin da ya ɓoye bayanin da ba sirri ba ne, ya sani ya taimaki mai ƙarya.

Su kuma waɗanda suka sauke karatun yaƙi da jahilci, su ne magadan masu jagorar kulob na rediyo. A kowace fada da kowane rukuni na mata akwai wanda ake miƙa wa waya a ce ya karanta. Wannan amana ce, kuma riƙe ta bai bukaci babbar shahada ba. Tambayoyi huɗu sun isa: wa ya faɗi wannan magana, yaushe ya faɗe ta, a ina abin ya faru, kuma wane gidan rediyo ko ofishi ya tabbatar? Saƙon da ba shi da suna ba shi da kwanan wata, wanda kuma ya ƙare da roƙon a gaggauta tura wa kowa, shi ne ya fi cancantar a dakata da shi. Idan zancen magani ne, a tambayi likita. Idan na iri da taki ne, a tambayi malamin gona. Idan na kuɗi ne, a je ofishin da ƙafa. Matambayi ba ya ɓata. Ya kuma dace cibiyoyin yaƙi da jahilci su ƙara darasin waya cikin tsarinsu, yadda ɗalibi zai koyi karanta kwanan wata a kan saƙo da kare lambar sirrinsa kamar yadda yake koyon lissafin awo.

Babu mai son a hana samari hira, domin ƙasar da mutanenta ba sa tattauna al'amuransu ba ta ci gaba. Abin da ake nema shi ne hirar ta sami abin ci mai kyau daga hukuma, ta kuma sami mutum guda a kowane zama wanda zai ce a dakata a bincika kafin a tura. A 1962 an iya yin haka da rediyo guda da rakoda guda a gari. Yau da waya take aljihun kusan kowane magidanci, babu uzurin kasawa.