Raba unguwanni ya bar wa Jos ciwon da ba a gani

Tare mai Keke Napep a Bauchi Road da magariba, ka ce ya kai ka Unguwar Rukuba. Sau da yawa zai girgiza kai ya ce, "Alhaji, ba na shiga can da dare." Ɗan'uwansa na wancan ɓangaren ma haka zai ce idan ka ambaci Unguwar Rogo. Alhali gari lafiya lau.

Tun rikicin 7 ga Satumba 2001, da na Nuwamba 2008, da na Janairu 2010, mutanen Jos suka riƙa musayar gidaje, wasu suka sayar a wulaƙance, kowa ya koma cikin nasa. An samu sauƙin zubar da jini, na yarda. Amma su Gangare da Rikkos da Dilimi sun cika sun batse. Gidan da aka gina don iyali ɗaya ya ɗauki uku, filin ƙwallo ya zama shaguna, har bakin rafin Dilimi an yi gini, inda ambaliyar Yulin 2012 ta ci rayuka a Rikkos.

Na san wata dattijuwa a layinmu da ba ta iya cin tuwon dare sai ta ƙirga 'ya'yanta sun cika. Tayar mota ta fashe, sai ta miƙe tana salati, hannu na rawa. Asibiti sun ce hawan jini ne, sun ba ta ƙwayoyi. Ba wanda ya tambaye ta abin da idonta ya gani a 2008. Irinta suna da yawa a kowane ɓangare, masu zuwa masallaci da masu zuwa coci. Matasan da suka tashi cikin wannan zaman ɗar-ɗar kuwa, wasu sun fake da tiramol da kodin don su samu barci.

Shi ya sa kufan babbar kasuwar Taminus, wadda ta ƙone a Fabrairun 2002, yake ci mini rai. Nan ne a da Bahaushe da Birom da Ibo suke cinikayya su saba da fuskar juna. Yaron da bai taɓa zama benci ɗaya da wanda ba addininsu ɗaya ba, duk jita-jitar WhatsApp gaskiya ce a wurinsa.

Sojojin da ke shingen bincike ba za su warkar da wannan ba. Ya kamata gwamnatin Filato ta sake gina kasuwar nan, ta keɓe filayen wasa a tsakanin unguwanni. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) yana can Lamingo, nesa da talaka. A kawo masu ba da shawara ƙananan asibitocin unguwa, inda dattijuwar nan za ta iya zuwa da ƙafa.