Tsoron Infoma Ba Taɓin Hankali Ba Ne

Maganarmu ta wannan makon da masu binciken lafiyar ƙwaƙwalwa take.

A 2006 wasu masana a Ingila, ƙarƙashin David Fowler, suka fitar da takardar tambayoyi mai jimloli 24 da ake kira BCSS. Shida daga ciki na auna mummunan zato ga mutane: ko kana ganinsu mugaye ne, makirai, marasa yafiya. Kowace amsa da makinta, kuma yawan maki na tafiya da cutar nan da mutum ke jin ana farautarsa alhali babu mai binsa. A kan ɗaliban jami'a da majinyatan can aka gwada ta.

To, a fassara ta a kawo Anka. A miƙa wa matar da ta tsere daga ƙauyensu bayan harin Janairun 2022, wanda mazauna Anka da Bukkuyum suka ce ya ci rayuka kusan 200, gwamnati ta ce 58. A tambaye ta ko mutane makirai ne. Makinta zai kai ƙololuwa. Shi ke nan sai a rubuta mata cuta?

Ita kanta gwamnati ta katse layukan waya a Zamfara a Satumbar 2021 don raba 'yan bindiga da masu kai musu rahoto. Manomin Gummi da ya ƙi faɗa wa maƙwabci ya sayar da sa, hankalinsa garau yake, lissafin kuɗin fansa yake yi. Ma'aunin da bai tambayi abin da ya same ka ba, ba zai raba mai hattara da marar lafiya ba. Kuma kun san in aka laƙaba wa mutum hauka a garuruwanmu, aurensa da shaidarsa duk sun tafi.

Kada wani ya ce to a watsar da awon. Zato ya yi mana illa. Akwai wanda ya koma Gusau, ya tsira, amma har yau ba ya barci, yana zargin ƙanensa. Bahaushe na kallon kowane Bafillace a matsayin ɓarawon daji, Bafillace na kallon kowane Bahaushe a matsayin ɗan sa-kai. Kalmar infoma ta sa an kashe mutane babu shari'a. Wannan ciwo ne, dole a san girmansa.

Don haka duk mai zuwa da takarda ya cika mana sharuɗɗa huɗu:

1. Ya tambayi abin da ya faru, da ko haɗarin yana nan har yanzu.
2. Ya fayyace su wa ake nufi da mutane: baƙi, maƙwabta ko 'yan gida ɗaya. Mai tsoron baƙo a hanyar daji daban yake da mai tsoron abincin mahaifiyarsa.
3. A fassara da Hausar yankin da Fulatanci, tare da mutanen wurin, a kuma yi tambayar a keɓe, don kada amsa ta zama ƙara.
4. Wanda aka ga yana buƙatar likita a sada shi da likita, ko da asibitin ƙwaƙwalwa na Kware ne a Sakkwato.

In babu waɗannan, ya naɗe takardarsa. Ma'aikatan lafiyar da ke zauren nan, muna jiran ra'ayinku.

Allah Ya dawo mana da aminci.