Tutar da Ba a Tsare Ba, Bashi Ce

A cikin kanel, wato zuciyar tsarin Linux, tuta gurbi ne guda a jerin lambobi: 1 an kunna, 0 an kashe. Akwai masu rubuta manhaja da ke ɗaukar tsaftace ma'anar waɗannan tutoci a matsayin ɓata lokaci. Hujjarsu ita ce irin wannan gyara ba ya ƙara sauri, kuma yana wahalar da masu kai gyare-gyare zuwa tsofaffin sigogi. Wahalar gaskiya ce, amma tarihin Linux ya nuna wadda ta fi ta.

Umarnin open(), wanda ake buɗe fayil da shi, ba ya ƙin tutar da bai sani ba. Watsi yake yi da ita ya wuce. Da aka ƙirƙiro O_TMPFILE a Linux 3.11 a shekarar 2013, domin fayil na wucin gadi marar suna, sai wannan sakaci ya zama tarko: tsohon kanel zai karɓi umarnin ba tare da ya fahimce shi ba. Dole aka ɗaure sabuwar tutar da O_DIRECTORY, don tsohon kanel ya ɗauka folda ake son buɗewa don rubutu, ya ƙi. Ba a toshe kafar ba sai da openat2() ya zo a Linux 5.6 a 2020, yana ƙin duk baƙuwar tuta.

Haka clone() ya cinye gurabensa 32, har aka kawo clone3() mai gurabe 64 a 2019. Abin da ya sa kuskure a nan yake da tsada shi ne ƙa'idar Linus Torvalds cewa ba a karya manhajar da ke aiki a kan kanel. Tutar da ta fita da gurguwar ma'ana ta zauna ke nan.

Shi ya sa matakin Linux 6.3 a 2023 ya dace. An hana taɓa vm_flags kai tsaye, sai ta hanyar vm_flags_set() da 'yan uwansa, waɗanda ke tabbatar da an riƙe makulli kafin canji. Wanda ya saɓa, injin harhaɗa manhaja zai tsayar da shi tun kafin kuskuren ya isa wayar Android ta kowa.

Masu ƙorafi suna lissafa wahalar mako guda, suna mantawa da ta shekara 10. Wanda ya ƙi sharar masallaci, zai yi ta kasuwa.