Wa ke riƙe da rawanin sarki?

Duk ranar da aka tuɓe wani sarki a Arewa, sai Facebook da TikTok su kama da wuta. Wannan na murna, wancan na tsinuwa. Amma ɗan uwa, ka taɓa tambayar wa ke da ikon cire rawanin, kuma bisa wace ƙa'ida?

Mu fara daga gida. Wajen 1805 Malam Ishaku, mai tutar Shehu Usmanu, ya kori Sarkin Daura Gwari Abdu. Bayan kusan shekara ɗari, Turawa suka dawo da tsohon gidan sarautar ta hannun Malam Musa. Na farko da takobi aka yi, na biyu da takardar Bature. Duka biyun ba a tambayi talakan Daura ba.

Yau alƙalamin gwamna ya gaji takardar Bature. Kundin tsarin mulkin 1999 bai ba sarakuna wani matsayi ba, dokar jiha ce ke naɗawa da saukewa. Dubi Kano. An sauke Sanusi na ɗaya a 1963, an sauke jikansa Sanusi na biyu a Maris 2020, wata gwamnatin ta mayar da shi a Mayu 2024, gari ya koma zaman jiran kotu.

Faransa ma ta yi sarki mai mulki ƙarƙashin doka, Luwi Filib, wanda ya hau a 1830. Gwamnatinsa ta bar ƙuri'a ga masu dukiya kaɗai, ta kuma hana taron masu neman gyara. A Fabrairu 1848 mutanen Paris suka cika tituna, ya yi murabus ya gudu Ingila, can ya rasu a 1850. Shi jama'arsa ce ta kore shi don ya toshe kunne. A wajenmu jama'a 'yan kallo ne.

Abin ya shafe ka. Sarkin da ke tsoron takardar sallama ba zai buɗe baki ba idan 'yan bindiga sun hana noma ko an ƙwace gonar babanka.

Don haka maimakon zagin juna saboda wani ɗan sarki, mu matsa wa 'yan majalisar jiharmu a Katsina su tabbatar doka ta fayyace laifin da ke sauke sarki, da wanda zai yi bincike, da damar kare kai. Wanda ya ci amanar talaka a sauke shi a bainar jama'a. Wanda gaskiya kawai ya faɗa a bar masa rawaninsa.