Aikin Zaune Ma Yana Da Nasa Ciwon



A gari irin Dogon Dawa, inda kusan kowane gida ya dogara da gona, in ka tambayi yaro dalilin da ya sa yake karatu, sau da yawa zai ce so yake ya huta da fartanya, ya samu ofis mai kujera da fanka. Ba laifi ba ne, ni ma burina ke nan. Sai dai mun taso muna ganin ciwon jiki na manomi ne da ɗan dako, mai zama a inuwa kuwa ba shi da abin kuka. Likitoci sun daɗe da gano ba haka abin yake ba.

A 1953 wani likitan Ingila mai suna Jeremy Morris ya fitar da sakamakon bincikensa a kan ma'aikatan motocin safa masu bene na birnin Landan. Mota ɗaya, hanya ɗaya, amma direba yana zaune wuni guda, kwandasta kuwa yana hawa bene yana sauka wajen karɓar kuɗi. Sai aka tarar ciwon zuciya ya fi kama direbobin, kuma ya fi saurin kashe su. Ku dubi mai POS a 'yar rumfarsa ranar kasuwa, ko tela a kan kekensa, ko mai cike wa mutane fom a shagon kwamfuta. Duk direbobin nan ne, sitiyari kawai suka rasa.

Ku ma kun riga kun fara. Daga safe zuwa azahar kuna kan bencin da ba shi da majingina, da dare kuma a duƙufa a kan waya. Tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, tambayoyi 180 ake amsawa cikin awa 2, shi ya sa 'yan aji shida da yawa suke bitar tsofaffin tambayoyi a waya har tsakar dare. To, kan babban mutum ya kai kimanin kilo 5. Wani likitan ƙashin baya a Amurka, Kenneth Hansraj, ya yi lissafi a 2014 cewa idan aka sunkuyar da shi sosai, kamar digiri 60, nauyin da wuya yake ɗauka yana kaiwa kilo 27. Wato ya ɗara jarkar ruwa mai lita 25 cike. Wa zai yarda a ɗora masa jarka a ƙeya na awa uku? Amma kullum muna ɗora wa kanmu, mu wayi gari muna cewa mun yi kwanciyar wuya.

Gyaran ba ya bukatar kujerar tsada. Ɗaga wayar zuwa saitin ido, ko a jingina ta a kan tarin littattafai. Tafin ƙafa ya taka ƙasa, in benci ya yi tsawo a sa bulo. A naɗe zani ko ɗankwali a tokare ƙugu da shi a jikin bango. Idanu kuma, duk bayan minti 20 a ɗauke su daga allo, a hangi abu mai nisan kamar mita 6 na daƙiƙa 20, domin mai kallon allo ba ya yawan ƙiftawa, shi ne idon ke bushewa yana yaji.

A ganina, abin da ya fi duk waɗannan shi ne tashi. Ko zaman da ya fi kowanne kyau, in ya daɗe, ciwo ne. Duk rabin awa a miƙe, a zagaya tsakar gida, a sha ruwa. In Inna ta ce a ɗebo ruwa ana tsakiyar karatu, a daina ƙunƙuni.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai shekara 5 zuwa 17 yana bukatar aƙalla minti 60 na motsa jiki kullum. Na san shekarun rashin tsaro a ƙasar Birnin Gwari sun rage wa yara zuwa gona da filin ƙwallo mai nisa, 'yan mata kuwa da ma ba kasafai suke fita ba. Amma tsallen igiya ba ya bukatar a ƙetare zaure, daka da shara da jan guga ma duk suna cikin lissafi.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne zuwa kemis da zarar baya ya amsa. Yawan shan ibuprofen da diclofenac yana jawo gyambon ciki, yana taɓa ƙoda, tramadol kuwa in ya kama mutum sakinsa aiki ne. Idan ciwon ya sauko har ƙafa, ko yatsu suna sanƙarewa, ko ya zo da zazzaɓi da rama, wannan ya wuce gajiyar zama. A faɗa wa iyaye, a tafi asibiti.